Haddar 'Yan Kallo: Yadda Mutanen Ayalan Ke Adana Tarihinsu a Bakin Fili

Duk wanda Allah ya nufa da zama cikin mutanen Ayalan, wannan tsibiri da ke yamma da Birtaniya, ko a jirgin ƙasan da ke kwasar 'yan kallo zuwa Dablin ranar wasan ƙarshe, ko a ƙofar coci bayan an tashi, ko ma a zaman makoki idan dare ya tsala hira ta yi nisa, ba zai daɗe ba sai ya ga wani dattijo ya gyara zama, ya dubi na kusa da shi, ya jefa masa tambaya: wane ne mutumin da ya ci lambar zakarun ƙasa shekara shida a jere, daga baya kuma ya shugabanci gwamnati? Kafin ya rufe baki wani zai amsa masa cewa Jack Lynch ne na lardin Cork, daga 1941 zuwa 1946, sa'an nan shi ma ya mayar da tasa tambayar, a yi ta musaya haka har jirgi ya tsaya ko shayi ya huce. Baƙo yakan ɗauki wannan a matsayin hirar rage dare kawai, amma wanda ya kasa kunne da kyau zai tarar cewa a cikin waɗannan tambayoyi ne mutanen suke ajiye labarin yunwarsu, da hijirarsu, da yaƙinsu, da sulhunsu, suna miƙa shi daga baki zuwa baki tamkar yadda almajirai ke karɓar karatu daga malamansu.

Kafin mu shiga cikin tambayoyin, ya kamata mai karatu ya san wasannin da ake magana a kansu. Ranar 1 ga Nuwamba 1884, a wani masauki da ke garin Thurles na lardin Tipperary, wasu mutane ƙalilan, waɗanda aka fi ruwaito cewa bakwai ne, suka zauna bisa kiran wani malamin makaranta mai suna Michael Cusack, suka kafa ƙungiyar raya wasannin gargajiya wadda duniya ta sani da GAA, domin sun ga wasannin Ingila suna neman shafe na iyayensu kamar yadda Turanci ya danne harshensu. Manyan wasanninta biyu ne. Na farko ƙwallon Gelik, wadda ake bugawa da ƙafa ana kuma kamawa da hannu. Na biyu hurling, wasa mai tsananin sauri da ake yi da faffaɗar sanda da 'yar ƙaramar ƙwallo mai tauri. A kowanne, mutum goma sha biyar ne a gefe guda, kuma bisa ƙa'idar da aka daɗe a kanta, ƙwallon da ta shiga raga maki uku ce, wadda ta bi ta saman sandar gida tsakanin dogayen turaku biyu kuwa maki ɗaya. Abin da ya fi kome muhimmanci shi ne ba a biyan ɗan wasa albashi, ba a kuma sayar da shi; galibi gundumar da aka haife shi da lardinsa, ɗaya daga cikin larduna 32 na tsibirin, su yake yi wa wasa, har ya zama malamin makaranta ko manomin da ya buga gaban mutum 82,300 a filin Croke Park ran Lahadi yakan koma aji ko garke cikin makon. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, saboda haka idan mutumin Ayalan ya haddace sakamakon wasan da aka yi tun kafin a haifi ubansa, asalin gidansu yake haddacewa.

Daga cikin dukan muwafakar da 'yan kallo ke ambata, babu wadda ta kai ta shekarar 2020 ratsa zuciya, kuma ba a fahimtarta sai an koma baya shekara ɗari cif. Ranar Lahadi 21 ga Nuwamba 1920, lokacin da yaƙin neman 'yanci ya yi tsanani, da sassafe mayaƙan 'yanci suka kashe wasu jami'an Ingila a Dablin waɗanda suke zargi da leƙen asiri. Da rana kuwa, ana cikin wasan sada zumunci na ƙwallon Gelik tsakanin Dablin da Tipperary a Croke Park, sai 'yan sandan gwamnatin Ingila suka shigo suka buɗe wa jama'a wuta. Mutum goma sha huɗu suka rasa rayukansu, cikinsu har da yara uku, da wata budurwa mai suna Jane Boyle wadda saura 'yan kwanaki a ɗaura mata aure, da wani ɗan wasan Tipperary mai shekara 24, Michael Hogan, wanda har yau sunansa ne a kan rumfar da ake miƙa kofi a cikinta. A gasar ƙwallon Gelik ta 1920, lardunan da suka ci shiyyoyin ƙasar huɗu su ne Dablin, da Cavan, da Mayo, da Tipperary, aka kuwa haɗa Dablin da Cavan, Tipperary da Mayo, a wasan kusa da na ƙarshe.

To, da shekara ɗari ta zagayo, annobar korona ta sa aka jinkirta gasar daga bazara zuwa hunturu, ana buga ta ba ɗan kallo ko ɗaya. Mayo suka riga suka ci shiyyarsu. Daren 21 ga Nuwamba, bayan an karanta sunayen mamatan nan goma sha huɗu a Croke Park, Dablin suka ci tasu. Washegari kuwa 'yan Tipperary, waɗanda rabonsu da cin shiyyar kudu a ƙwallon Gelik tun 1935, suka ajiye rigarsu ta kullum mai shuɗi da ruwan zinariya, suka fito cikin farar riga mai koren ɗamara irin wadda Hogan ya mutu a cikinta, suka je har birnin Cork suka ka da masu gida da maki 17 da 14, babu abin da ake ji a filin sai kiran 'yan wasa da amsa-kuwwar kujeru. Ba a kai ga gama ta'ajibin wannan ba, sai ga labari da maraicen ranar cewa Cavan, wadda ba wanda ya sa ta a lissafi, ta ka da Donegal ta ci shiyyar arewa. Aka duba, sai ga larduna huɗun nan na 1920 sun dawo ba ragi ba ƙari, kuma jadawalin da aka tsara tun kafin a fara gasar ya haɗa Dablin da Cavan, Tipperary da Mayo, daidai yadda aka yi a wancan ƙarni. Masu lissafi suna iya cewa cikin dubban wasanni dole wata rana faɗuwa ta zo daidai da zama, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma fa'idar da ta fito daga wannan muwafaka ita ce yara da yawa da ba su taɓa jin sunan Jane Boyle ba sun ji shi a wannan mako, kuma duk lokacin da aka sake jefa tambayar larduna huɗu, za a sake ambaton mamatan.

Haka kuma idan aka tambayi wace shekara ce aka buga wasan ƙarshe na ƙwallon Gelik a wajen Ayalan, amsar ita ce 1947, a filin Polo Grounds na birnin New York, inda Cavan ta ci Kerry. Amma mai amsawa ba ya tsayawa nan sai ya faɗi dalili, watau cika shekara ɗari da mafi munin shekarun babbar yunwa, wadda ta hallaka kimanin mutum miliyan ɗaya, ta kuma kori wani miliyan zuwa ƙetare, akasarinsu Amurka. An kai wasan ne domin jikokin waɗanda yunwa ta kora su ga abin gidansu da idonsu. Ana kuma ƙarawa da kissar mai sharhin rediyo, Michael O'Hehir, wanda da ya ga lokacin da aka biya na wayar da ke kai muryarsa gida ya kusa ƙarewa alhali wasa bai tashi ba, sai ya shiga roƙo a bainar masu saurare da a ƙara masa minti biyar, aka kuwa bar masa layin, mutanen ƙauyuka da suka yi cincirindo a gidajen masu rediyo suka ji ƙarshen wasan.

Sai dai ba kowace ruwaya ce sahihiya ba, kuma a nan ne ake gane bambanci tsakanin masani da mai baki. Mafi shaharar ruwayoyi masu rauni ita ce ta la'anar Mayo. Wai a 1951, da 'yan Mayo suka ci kofin ƙwallon Gelik suna komawa gida cikin murna, sai suka ratsa garin Foxford ana jana'iza ba su tsaya sun girmama gawa ba, sai aka yi musu baki cewa lardinsu ba zai sake cin kofin ba sai bayan dukansu sun mutu. Ruwayar ba ta da isnadi tsayayye, domin wasu sun ce limamin coci ne ya yi bakin, wasu sun ce wata mata ce. Abin da ya raya ta shi ne baƙin cikin da ya biyo baya, gama daga 1989 zuwa 2021 Mayo ta kai wasan ƙarshe a shekaru goma sha ɗaya, ba ta ɗauki kofin ko sau ɗaya ba. A 2016 ma 'yan wasanta biyu suka ci gidansu a wasa guda, duk da haka suka yi kunnen doki da Dablin, da aka sake wasan aka cinye su da maki ɗaya tak, a shekarar da ta biyo aka sake cin su da maki ɗaya. Paddy Prendergast, na ƙarshe cikin waɗanda suka buga wasan 1951, ya rasu a watan Satumba na 2021, makonni biyu bayan shan kashi na goma sha ɗaya, kuma shekarun da suka biyo bayan rasuwarsa ba su kawo kofin ba. Irin wannan camfi an taɓa jingina wa lardin Clare, wanda ya yi shekara 81, daga 1914 zuwa 1995, bai ci kofin hurling ba, aka ce wata mai magani ce da ake kira Biddy Early ta yi musu baki. Sai masu bin diddigi suka nuna cewa matar ta rasu tun 1874, shekara goma kafin a kafa ƙungiyar kanta. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Amma ni ina ganin ya kamata a yi wa masu irin wannan zance uzuri, domin mutumin da ya bi lardinsa zuwa Dablin sau goma sha ɗaya ya dawo da hawaye, ya fi masa sauƙi ya ɗora laifin a kan wani baki da aka yi tun kafin a haife shi, da ya ɗora shi a kan ɗan maƙwabcinsa da ya zubar da ƙwallo, wanda gobe za su haɗu a kasuwa. Ba na gaskata camfin, amma ina ganin rahamar da ke ɓoye a cikinsa.

Su kansu kofunan wasannin nan biyu suna da nasu abin mamaki. Na ƙwallon Gelik yana ɗauke da sunan Sam Maguire, mutumin lardin Cork, ɗan ɗariƙar Furotesta a ƙungiyar da akasarin mutanenta Katolika ne, wanda a Landan ya yi aikinsa da wasansa. Na hurling kuwa yana ɗauke da sunan Liam MacCarthy, wanda a Landan ma aka haife shi. Lardin da ya fara ɗaga kofin Maguire a 1928, watau Kildare, bai sake ɗaga shi ba tun daga ranar. Kerry, wadda ta fi kowa yawan cin kofin, ta zo wasan ƙarshe na 1982 tana neman na biyar a jere, abin da ba a taɓa yi ba, har an riga an buga riguna an tsara waƙar murna, sai wani ɗan canji na Offaly mai suna Séamus Darby ya shigo ana dab da tashi ya zura ƙwallo a raga, aka tashi Offaly na da ci ɗaya da maki 15, jimla 18, Kerry na da 17. Sai bayan shekara 37 aka sami lardin da ya jera biyar, watau Dablin a 2019, kuma Kerry ɗin ce suka ka a wasan da ya cika musu biyar ɗin.

Akwai kuma wani babi na waɗannan tambayoyi wanda ya shafi tamaula, ƙwallon ƙafar da duniya ta sani, kuma a ƙarƙashinsa akwai wani tsohon miki. Shekaru da yawa ƙungiyar GAA tana da dokar da ta haramta wa 'ya'yanta buga wasannin Ingila, ko ma zuwa kallonsu, kuma ba a soke ta ba sai a 1971. Tsananinta ya kai har a 1938 aka cire Douglas Hyde, shugaban ƙasar na farko, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa wajen raya harshen Ayalan, daga cikin iyayen ƙungiyar, saboda ya halarci wasan tamaula tsakanin Ayalan da Polan a matsayinsa na shugaba. Con Martin, wanda ya ci shiyyar gabas da Dablin a 1941, an hana shi lambarsa shekara talatin saboda ya buga tamaula. Shi ne kuwa ya zura ƙwallon farko, da bugun fenareti, ranar 21 ga Satumba 1949, sa'ad da Ayalan ta ci Ingila biyu ba ko ɗaya, ta zama ƙasa ta farko daga wajen Birtaniya da ta ka da Ingila a gidanta. Wanda ya zura ta biyu, Peter Farrell, ɗan wasan Everton ne, kuma a Goodison Park, filin Everton, aka yi wasan, shi ya sa ake tambaya: wane ne ya ci wa ƙasarsa ƙwallo a waje alhali yana filin gidansa?

Bayan soke dokar ne aka sami Kevin Moran, wanda ya ci kofin ƙwallon Gelik da Dablin a 1976 da 1977, sa'an nan ya tafi Manchester United, inda a 1985 ya zama mutum na farko da aka kora daga fili a wasan ƙarshe na kofin FA, duk da haka ƙungiyarsa ta ci Everton ɗaya da nema. Abokin tsaron bayansa a ranar shi ne Paul McGrath, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, kuma har yau mutanen Ayalan suna lissafa shi cikin gwanayen da ba su taɓa samun kamarsu ba, musamman saboda yadda ya tsare Italiya a gasar cin kofin duniya ta 1994. A wannan wasa Ray Houghton, haifaffen Glasgow, shi ya ci ƙwallo ɗayan da aka tashi da ita, kamar yadda shekara shida kafin nan, a birnin Stuttgart na Jamus, shi ne ya ci ɗayan da aka ka da Ingila da ita, alhali kocin Ayalan a wasannin biyu, Jack Charlton, Bature ne ɗan Ingila da ya ci wa ƙasarsa kofin duniya a 1966. A gasar 1990 kuwa Ayalan ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas ba tare da ta ci wasa ko ɗaya a fili ba: kunnen doki da Ingila, da Masar, da Holan, har sai da aka jefa ƙuri'a tsakaninta da Holan domin sun yi daidai ta kowace fuska, sa'an nan ta fitar da Romaniya da bugun fenareti, kafin Italiya mai masaukin baƙi ta tsayar da ita.

Wanda ya jera waɗannan amsoshi bisa tertibin shekarunsu zai ga yadda mikin ya warke sannu a hankali. Filin nan na Croke Park, inda aka zubar da jini a 1920, an buɗe ƙofarsa ga wasannin da aka taɓa haramtawa, har ranar 24 ga Fabrairu 2007 ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta Ingila ta zo, aka rera taken ƙasarta a gaban rumfar Hogan, jama'a suka tsaya cikin ladabi har aka gama, sa'an nan Ayalan ta cinye ta da maki 43 da 13. A 2021 kuma aka sami sabuwar tambaya wadda amsarta ta shafe mu: wane ne haifaffen Afirka na farko da ya buga wa babbar ƙungiyar tamaula ta Jamhuriyar Ayalan? Shi ne Chiedozie Ogbene, wanda aka haifa a Legas, ya tashi a birnin Cork, ya fara yin suna a ƙwallon Gelik da ƙungiyar Nemo Rangers kafin ya zaɓi tamaula. Abin da aka hana Con Martin lambarsa a kansa shekara talatin, shi ne yaron Legas ya yi cikin yardar kowa, kuma mutanen Cork na ɓangarorin biyu suna alfahari da shi.

Lalle malamanmu sun yi gaskiya da suka ce ilmin da ba a muraja'arsa gushewa yake yi, kuma abin da na gani a wannan ɗabi'a ta mutanen Ayalan shi ne muraja'a ce ba yankewa, wadda ba makaranta ce ta ɗora musu ba, ba kuma hukuma ba. Tana da ladubbanta: wanda ya kawo shekara ba daidai ba, nan take za a gyara masa, wanda ya kawo camfi za a saurare shi, amma za a tambaye shi wa ya gaya masa, wanda kuma ya zo da sabuwar fa'ida da ba wanda ya sani, ya sami girma a majalisar ko da yaro ne. Ta haka ne ƙasar da dukan mutanen tsibirinta ba su wuce miliyan bakwai da 'yan kai ba ta riƙe sunan ɗan wasan da ya ci ƙwallo a wata Lahadi ta 1947 kamar yadda wasu ƙasashe ke riƙe sunayen sarakunansu. Dattijon nan na cikin jirgi, sa'ad da yake tambayar jikansa waɗanne larduna huɗu ne suka haɗu a 1920 suka sake haɗuwa a 2020, ya san amsar sarai. Abin da yake so ya tabbatar shi ne, ranar da za a yi nasa zaman makokin, akwai wanda zai iya faɗar ta daidai, ya kuma faɗi dalilin farar rigar.